Daga Washington Zuwa Gomari: Yadda Ƙorafin Masu Ra'ayin Riƙau Na Amurka Ya Iso Borno

Unguwar Gomari da ke Ƙaramar Hukumar Jere, wadda wasu ke kira Ngomari, tana maƙwabtaka da filin jirgin saman Maiduguri da kuma sansanin mayaƙan sama. Kusan shekara goma ke nan mazaunanta suna ganin jirage iri biyu suna tashi ta saman gidajensu: na soja masu zuwa fagen fama, da fararen jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya masu ɗaukar ma'aikatan agaji da magunguna zuwa garuruwa irin su Dikwa, Monguno, Gwoza da Rann, inda bin hanyar mota ke da haɗari.

A watan Satumbar 2025 Majalisar ta sanar da cewa ta dakatar da jirgin fasinjan da ke jigilar ma'aikatan agaji zuwa Arewa maso Gabas, bayan shekara tara yana aiki, saboda kuɗin gudanar da shi sun ƙare. Dalilan wannan ƙarancin kuɗi suna da yawa, amma mafi girmansu ya samo asali ne daga wata muhawara da aka daɗe ana yi a Amurka, wadda masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar Republican suka yi rinjaye a cikinta bayan zaɓen 2024. Ƙorafinsu uku ne: gwamnati na almubazzaranci da kuɗin haraji, ƙofar ƙasa ta cika buɗewa ga baƙi, kuma Amurka na tsoma kanta cikin rigingimun da ba nata ba. Kowanne daga cikin ukun ya taɓo Borno, sai dai ba ta hanya ɗaya ba.

Zargin almubazzaranci

Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wato USAID, Shugaba John F. Kennedy ne ya kafa ta a 1961, kuma tun daga lokacin take da masu suka. A shekarun 1990 Sanata Jesse Helms ya yi ta neman a rushe ta, yana kwatanta tallafin ƙasashen waje da zuba kuɗi a ramin ɓera. Hujjar masu wannan ra'ayi a yau ba ta sauya sosai ba. Suna cewa ƙasar da bashin da ke kanta ya haura dala tiriliyan 36 ba ta da hurumin rabon kyauta, cewa kaso mai tsoka na kuɗin yana ƙarewa ne a hannun manyan 'yan kwangila da ƙungiyoyi masu hedikwata a Washington, kuma cewa tallafin da aka shafe shekaru ana bayarwa ya sa gwamnatoci da dama sun miƙe ƙafa sun bar nauyin jama'arsu ga baƙo.

Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da ya koma mulki, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na tsawon kwana 90 domin a sake nazari. Sashen rage kashe kuɗin gwamnati da ya ɗora attajiri Elon Musk a kansa, wanda aka fi sani da DOGE, ya fara da USAID. A watan Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar, kimanin kwangiloli 5,200. Ranar 1 ga Yuli aka rufe ta a matsayin mai gudanar da tallafi, aka mayar da abin da ya saura ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. A cikin watan kuma majalisar dokokin ƙasar ta amince a janye kimanin dala biliyan 9 da aka riga aka ware, mafi yawansu na tallafin waje.

Wani ɓangare na zargin yana da tushe. Alƙaluman USAID kanta sun nuna cewa abin da take miƙawa kai tsaye ga ƙungiyoyin cikin gida na ƙasashen da ake taimaka wa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, abin da ya sa shugabarta a zamanin Joe Biden, Samantha Power, ta yi alƙawarin kai shi kashi 25. Sai dai an sha juya wannan adadi ana cewa kashi 10 ne kawai ke isa ga mabuƙata, alhali ba haka yake nufi ba. Buhun dawa da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta saya ta raba a Bama ba ya shiga lissafin “kai tsaye”, domin ta hannun hukumar ƙasa da ƙasa kuɗin suka bi, amma dai dawar ta shiga tukunya.

Girman kuɗin ma abin lura ne. Tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje gaba ɗaya bai fi kimanin kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗinta ba, duk da cewa binciken jin ra'ayi na cibiyar KFF ya sha nuna cewa Amurkawa da dama na ɗaukar ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2023 Najeriya ta samu kimanin dala biliyan ɗaya daga ciki, mafi yawa a fannin lafiya da agajin gaggawa. A ma'aunin baitulmalin Amurka wannan bai taka kara ya karya ba. A ma'aunin cibiyar kula da yara masu tamowa a Jere ko Konduga kuwa, shi ne albashin ma'aikaciyar jinya da kwalin abincin gyaɗa mai gina jiki.

Borno ta riga Washington faɗa

Mutanen Maiduguri ba baƙi ba ne ga irin wannan suka, domin shugabanninsu sun riga 'yan majalisar Amurka furta ta. A watan Janairun 2017 Gwamna Kashim Shettima, Mataimakin Shugaban Ƙasa na yanzu, ya zargi yawancin ƙungiyoyin agaji da cin gajiyar wahalar jama'a, inda ya ce takwas ne kawai daga cikin 126 da ke jihar suke aikin da ya kawo su. A lokacin ana yawan maganar manyan motoci da tashin kuɗin hayar gidaje a unguwannin da ma'aikatan ƙungiyoyin suka fi zama.

Ɓarnar ba ta tsaya ga baƙi ba. A watan Yunin 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya bayyana cewa kusan rabin motocin abincin da gwamnati ke turawa Arewa maso Gabas ana karkatar da su kafin su isa. A cikin watan ne kuma gwamnati ta nemi gafarar Saudiyya, bayan da dabinon da masarautar ta bayar kyauta domin azumi, tan 200, ya ɓulla a kasuwanni ana sayarwa. Kafin nan kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya bankaɗo abin da aka fi sani da badaƙalar yankan ciyawa a shirin shugaban ƙasa na farfaɗo da Arewa maso Gabas, lamarin da ya kai ga sallamar Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal a watan Oktoban 2017. Hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan kuɗi naira miliyan 544, amma a watan Nuwamban 2022 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta wanke shi.

Akwai kuma zargin da ya fi na ɓarna nauyi, na taimakon 'yan ta'adda. A watan Satumbar 2019 rundunar soja ta rufe ofisoshin ƙungiyoyin Action Against Hunger da Mercy Corps, ta zargi ta farkon da kai wa Boko Haram abinci da magani. Ƙungiyar ta musanta, kuma a ƙarshen Oktoba gwamnati ta ɗage takunkumin. Saboda haka da ɗan majalisar wakilan Amurka Scott Perry, na jihar Pennsylvania, ya ce a wani zaman sauraren bahasi a tsakiyar Fabrairun 2025 kuɗin USAID na isa ga ƙungiyoyin ta'adda har da Boko Haram, maganar ta samu kunnuwan da ke jiran ta. Ta karaɗe kafofin sada zumunta cikin 'yan kwanaki. Sanata Ali Ndume na Borno ta Kudu ya gabatar da ƙuduri, Majalisar Dattawa ta gayyaci shugabannin hukumomin leƙen asiri, shi kuma jakadan Amurka a Najeriya, Richard Mills, ya fito ya ce babu wata shaida da ke nuna haka. Perry bai gabatar da hujjar da ta shafi Boko Haram a wurin zaman ba.

Shi ma batun dogaro da tallafi, Gwamna Babagana Umara Zulum ya daɗe yana kokawa da shi. A 2021 ya ba da wa'adin rufe sansanonin 'yan gudun hijira na gwamnati da ke Maiduguri, aka rufe na Bakassi a ƙarshen Nuwamba, sannan a watan Disamba ya hana ƙungiyoyi rabon abinci a garuruwan da aka mayar da mutane, yana cewa gara a ba su jari da gona su tsaya da ƙafafunsu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta soki matakin a rahotonta na 2022, ta ce an tura mutane wuraren da babu isasshen tsaro da abinci. Duk da wannan saɓani, akwai bambanci tsakanin abin da aka yi a Borno da abin da ya zo daga Washington: a nan an sanar da wa'adi, an ba iyalai kuɗin kama sana'a, an gina gidaje a wasu garuruwa. Umarnin dakatar da aiki na Janairun 2025 kuwa ta wasiƙa ya iso ofisoshin ƙungiyoyi cikin kwanaki kaɗan, a garin da bai gama farfaɗowa daga ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 ba.

Abin da ya biyo baya

Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 910 domin taimaka wa mutum miliyan 3.6 a jihohin Borno, Adamawa da Yobe a 2025, kuma abin da aka samu ya gaza nesa ba kusa ba. A watan Yuli Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rumbunanta sun ƙare, za ta dakatar da abincin mutum miliyan 1.3, kuma za a rufe cibiyoyin kula da tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe, waɗanda yara sama da 300,000 ke dogaro da su. A watan Satumba Amurka ta ba hukumar dala miliyan 32.5 domin Najeriya, abin da ya rage raɗaɗin na ɗan lokaci. Tun a watan Fabrairu Majalisar Dokokin Najeriya ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓin.

Ba Amurka ce kaɗai ta janye hannu ba. Gwamnatin Birtaniya, wadda ta jam'iyyar Labour ce ba ta masu ra'ayin riƙau ba, ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa domin ta ƙara wa tsaro. Jamus da Faransa ma sun rage nasu. Haka kuma ba duk masu ra'ayin riƙau ne suka goyi bayan yankan ba. Shirin yaƙi da cutar ƙanjamau na PEPFAR, George W. Bush ne ya kafa shi a 2003, kuma sanatocin Republican irin su Susan Collins ne suka tsaya har aka cire dala miliyan 400 na shirin daga cikin kuɗin da aka janye. Kan yawan rayukan da lamarin zai ci kuwa, har yanzu ana ja-in-ja: wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a tsakiyar 2025 ya yi hasashen ƙarin mace-mace fiye da miliyan 14 a duniya kafin 2030 idan yankan ya ɗore, yayin da Rubio ya shaida wa majalisa cewa babu wanda ya mutu saboda matakin.

Ƙofar shiga

Ƙorafi na biyu, na shige da fice, asalinsa kan iyakar Amurka da Meziko ne, kuma kaɗan ne daga mutanen Gomari ke da niyyar zuwa can. Amma ya shafi Najeriya. A 2020 gwamnatin Trump ta farko ta hana 'yan Najeriya bizar zama na dindindin, Biden ya soke hanin a 2021. A Yunin 2025 Chadi, maƙwabciyar Borno, ta shiga jerin ƙasashe 12 da aka haramta wa shiga, Shugaba Mahamat Déby ya rama da dakatar da ba Amurkawa biza. A Yuli aka taƙaita yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. A lokacin ne Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya ce ana matsa wa ƙasashen Afirka su karɓi 'yan Venezuela da Amurka ke kora, kuma Najeriya ba za ta karɓa ba domin matsalolinta sun ishe ta. Ranar 16 ga Disamba aka sa Nijar cikin masu cikakken hani, Najeriya kuma cikin masu hani na wani ɓangare, wanda ya haɗa da bizar ɗalibai da ta ziyara daga 1 ga Janairun 2026. Hujjar da aka bayar ita ce wahalar tantance matafiya daga yankunan da ƙungiyoyin ta'adda ke aiki, da yawan masu wuce wa'adin bizarsu.

Ɗalibin Jami'ar Maiduguri da ke neman ƙarin karatu da likitan da ke son halartar taro su ne suka fi ji a jika. Shi kuwa nauyin 'yan gudun hijirar Tafkin Chadi, dama can ba Amurka ce ke ɗauke da shi ba. Dubun dubatar 'yan Borno a sansanin Minawao na Kamaru, da yankin Diffa na Nijar, da Baga Sola na Chadi suka fake, wasu kuma a gidajen 'yan'uwa cikin unguwannin Maiduguri da Jere, inda magidanci mai ɗaki biyu ya karɓi iyalai uku ba tare da an rubuta shi a kasafin kowa ba.

Yaƙin da ba namu ba

Ƙorafi na uku ne ya fi sarƙaƙiya. Bayan yaƙin Iraƙi na 2003 da shekara ashirin a Afganistan, wani ɓangare na masu ra'ayin riƙau, irin su Sanata Rand Paul da Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance, sun yanke cewa tura soja ƙasashen waje asara ce ta rai da dukiya. Trump kansa, a jawabinsa na Riyadh a watan Mayun 2025, ya soki masu da'awar gina wa wasu ƙasa da bakin bindiga. Wannan magana ba ta buƙatar dogon bayani a yankin Tafkin Chadi, inda shugabanni irin su marigayi Idriss Déby da marigayi Muhammadu Buhari suka sha danganta bazuwar makamai da kifar da Gaddafi a Libiya a 2011. Amurkawa da dama kuwa ba su san suna da soja a Nijar ba sai da aka kashe huɗu daga cikinsu a Tongo Tongo a Oktoban 2017. Sansanin jirage marasa matuƙa da suka gina a Agadez kan kuɗi sama da dala miliyan 100, sun bar shi a 2024 bayan gwamnatin soja ta Yamai ta sallame su.

Sai dai ƙin yaƙi bai hana cinikin makamai ba. Gwamnatin Barack Obama ta jinkirta sayar wa Najeriya jiragen Super Tucano bayan da jirgin soja ya yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017. Trump ne ya amince da cinikin jirage 12 ɗin, waɗanda suka iso a 2021. A Agustan 2025 kuma Amurka ta amince da sayar da bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. A tunanin wannan ɓangare, sayarwa riba ce, kyauta kuwa asara.

Akwai kuma wani ɓangaren, mai ƙarfi a tsakanin majami'u, wanda ke ganin dole Amurka ta sa baki a Najeriya saboda abin da ya kira kisan Kiristoci. Sanata Ted Cruz da ɗan majalisa Riley Moore na kan gaba. Ranar 31 ga Oktoban 2025 Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake da damuwa ta musamman a kansu game da 'yancin addini, washegari ya yi barazanar ɗaukar matakin soja. Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce wannan siffa ba ta dace da gaskiyar ƙasar ba. Ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hari da makamai masu linzami a Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya ta ce da saninta da haɗin gwiwarta aka yi.

Tarihin Gomari da kewayenta ya nuna yadda rikicin bai tantance addini ba. Ranar 20 ga Satumbar 2015 bama-bamai suka tashi a yankin Ajilari da Gomari, har da wani masallaci da wurin kallon ƙwallo, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 54. A Disambar 2021 rokokin da aka harbo wajen filin jirgin sama sun faɗa kan gidajen unguwar. A kudancin jihar, musamman Gwoza da Chibok, an ƙona coci-coci an raba al'ummomin Kirista da garuruwansu. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa rikicin ya yi sanadin mutuwar kusan mutum 350,000 a Arewa maso Gabas, amma kimanin 35,000 ne kawai makami ya kashe. Sauran yunwa da cuta da rashin asibiti ne, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan lissafi ne ya sa masu adawa da yankan tallafi ke tuna wa 'yan'uwansu maganar Janar James Mattis ta 2013, cewa idan aka rage kuɗin diflomasiyya to sai a ƙara masa na harsashi.

Abin da ya maye gurbin tsohon tsarin ya fara bayyana. A watan Disambar 2025 Najeriya da Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar, inda Amurka za ta bayar da kusan dala biliyan 2.1, Najeriya kuma ta yi alƙawarin ƙara kimanin dala biliyan 3 daga aljihunta. Yarjejeniyar ta shafi cututtuka irin su ƙanjamau, tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro da shan inna, ba abincin gaggawa ba. A wannan fannin, hasashen da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2025 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 35 a Najeriya za su fuskanci matsananciyar yunwa tsakanin Yuni da Agustan 2026, lokacin da rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba, kuma kimanin mutum 15,000 a Borno na iya faɗawa mataki mafi muni a ma'aunin yunwa.